Ki rubuta kowane abu sau ɗaya: amsa ga sakatariyar makaranta a Damagaram

Wata baiwar Allah da ke aikin sakatariya a wata makarantar kuɗi a Damagaram ta aiko mana da wannan saƙo, mun taƙaita shi:

"Assalamu alaikum. Ni kaɗai ce a biron makarantarmu, ɗalibai kuma sun kai 420. Ni ke karɓar kuɗin makaranta, ni ke rubuta rasit, ni ke buga biltan a ƙarshen zango, da takardun kiran iyaye. Komai a Word nake yi, kowane aji da fayil ɗinsa. Kwamfutar tsohuwa ce, da an ɗauke kuran sai aikin ya bi iska. Kwanaki na kai kile, ɗan abin ajiyar fayil na USB, wurin masu fotokopi, da na dawo sai na tarar duk fayilolina sun ɓace. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wani uba ya zo da rasit na jika 25, rubutun hannuna ne, amma babu shi a lissafin kwamfuta. Tun daga ranar direkta yake mini wani irin kallo. Sai bayan magariba nake isa gida, maigida ya fara magana. Adashina ya kusa fita. In sayi kwamfutar hannu da kuɗina ne, ko in ajiye aikin?"

Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Allah ya sanyaya miki. Kada ki taɓa kuɗin adashinki, kuma kada ki ajiye aiki tukuna. Sabuwar kwamfuta ba za ta dawo da ke gida kafin magariba ba muddin tsarin aikin yana nan yadda yake. Ki duba: sunan yaro ɗaya kina buga shi a jerin aji, a rasit, a lissafin kuɗi, a biltan, a takardar kira. Sau biyar ke nan. Yara 420 sau biyar ya ba da 2,100, kuma kowane bugu dama ce ta kuskure. Gyaran shi ne ki rubuta kowane bayani sau ɗaya tak a wuri ɗaya, sauran takardun duka su riƙa ɗibowa daga can. Word na wasiƙa ne. Lissafi da jerin sunaye aikin Excel ne, kuma yawanci inda akwai Word akwai shi.

Za mu fara da kuɗi, domin can ne mutuncinki yake.

Ki buɗe sabon fayil na Excel, ki sa wa shafin farko suna Dalibai. A layi na ɗaya ki rubuta kanun bayanai, kowanne a gidansa: A lambar ɗalibi, B suna, C aji, D sunan uba ko waliyyi, E lambar waya, F kuɗin shekara. Daga layi na biyu zuwa ƙasa, yaro ɗaya layi ɗaya, makaranta gaba ɗaya a shafi guda. Kada ki ware kowane aji da fayil ɗinsa, kada ki bar layi babu komai a tsakani don kyau, kada ki haɗe gidaje biyu su zama ɗaya, kada ki sa sunan makaranta da manyan baƙaƙe a sama. Duk waɗannan ƙawa ce a ido, amma su ne ke hana na'ura tacewa da jerawa. In kin gama, ki danna cikin jerin, ki shiga Insertion ki zaɓi Tableau. Wannan zai ɗaure layukan wuri ɗaya, ya sa ƴar kibiya a kan kowane kanu. Da kibiyar C za ki fitar da aji ɗaya kawai cikin ƙiftawar ido. Amfanin ɗaurin ya wuce nan: wanda ya jera sunaye daga A zuwa Z a layin B kaɗai ba tare da sauran sun bi ba, ya cakuɗa kowane yaro da kuɗin wani, kuma in ya adana a haka ba mai iya warwarewa.

Lambar ɗalibi ita ce ginshiƙin komai. A makaranta mai yara 420 a Damagaram sai kin sami masu suna ɗaya uku ko huɗu, kuma suna guda ana rubuta shi Aboubacar yau, gobe Boubacar, jibi Abubakar. Na'ura tana ɗaukarsu mutum uku. Ki ba kowane yaro lambar da ba ta canzawa har ya bar makarantar, ki fara daga 1001. Kada ki fara da sifili, don Excel yana cinye shi: 0045 sai ya koma 45.

Shafi na biyu ki kira shi Biya. Nan kowane biya layi ɗaya ne, ko da uba ɗaya ya zo sau shida a shekara: A kwanan wata, B lambar ɗalibi, C kuɗin da aka biya, D lambar rasit, E suna, F hanyar biya, wato hannu da hannu ne ko an turo ta Nita, Amana ko Al Izza. Kwanan wata ki sa shi ta hanyar danna Ctrl tare da alamar ; wato waƙafi mai ɗigo a kansa. Sai ranar yau ta fito ta zauna daram. Kada wani ya koya miki AUJOURDHUI, lissafin Excel mai fito da kwanan yau, a nan, don ita kullum canzawa take, gobe duk rasit ɗinki sai su koma na gobe. Gidan suna ba ke za ki cika shi ba. A E2 ki rubuta:

=RECHERCHEV(B2;Dalibai!A:B;2;FAUX)

Da kin buga lambar yaro, sunansa zai fito da kansa. Ki karanta wa uban da ƙarfi kafin ki miƙa masa rasit. In kin ga #N/A, lambar ce ba daidai ba. Kalmar FAUX ta ƙarshe kada ki bar ta, don in babu ita na'urar takan kawo sunan wanda lambarsa ta yi kusa, ba tare da ta nuna miki akwai matsala ba.

Sai ki koma shafin Dalibai, a G1 ki rubuta "An biya", a G2 kuma:

=SOMME.SI(Biya!B:B;A2;Biya!C:C)

Abin da kika ce wa na'ura shi ne ta bi shafin Biya, duk inda ta ga lambar wannan yaro ta tara kuɗin da ke gefenta. A H2 ki sa =F2-G2, shi ne saura. Tunda kin riga kin yi Tableau, lissafin zai sauka har ƙasa da kansa. In bai sauka ba, ki danna sau biyu a kan ɗan ɗigon da ke kusurwar gidan ta ƙasa. Daga ranar, in direkta ya leƙo ya ce su wa ake bi bashi a aji kaza, kibiya biyu za ki taɓa ki ba shi amsa yana tsaye. In Excel ɗinki na Ingilishi ne, kamar yadda kwamfutocin da ake kawowa daga Kano suke zuwa, sunayen su ne VLOOKUP, FALSE da SUMIF, kuma waƙafi ake sawa a madadin ;.

Akwai kurakurai biyu da ke ɓata wannan lissafi, mun fi son ki san su tun kafin su same ki. Na farko yadda ake buga kuɗi. Ki buga 25000 zalla. In kin rubuta 25.000 F, ko ma 25.000 kawai, Excel na Faransanci zai ɗauke shi rubutu ne, ya tsallake shi wajen tarawa, na Ingilishi kuma zai karanta shi 25. Alamar ganewa mai sauƙi ce: lamba tana jingina dama a cikin gidanta, rubutu yana jingina hagu. Duk kuɗin da kika ga ya jingina hagu, ba a ƙirga shi ba. Na biyu kuwa namu ne na gida. Iyaye da dala suke magana, kwamfuta da faran take lissafi. Uwa ta ce ta kawo ɗari biyar, tana nufin 2,500, ke kuma hankalinki ya rabu sai ki buga 500. Ki ƙirga takardun kuɗin a hannunki, ki buga abin da kika ƙirga da faran, ba abin da kunnenki ya ji ba.

Littafin rasit mai kwafi kada ki yar da shi don kin koma Excel. Da tsohuwar zuma ake magani. Takarda mai sa hannu ita ce shaida, kwamfuta mataimakiya ce. Dokar da za ki ɗora wa kanki ita ce ba a miƙa rasit sai layinsa ya shiga shafin Biya an danna Ctrl da S. Minti goma kafin tashi ki tace shafin da kwanan yau da kuma biyan hannu da hannu, ki shafa layin C, jimla za ta bayyana a ƙasan allon ta dama. Ki ƙirga kuɗin akwati. In sun yi daidai, ki rubuta jimlar a littafi, ki sa hannu, direkta ko mai ajiyar kuɗi ya sa nasa. In ba su yi daidai ba, ki jera layin D daga ƙarami zuwa babba, lambar rasit da ta ɓace za ta nuna kanta. Kuskuren yini ɗaya ana gano shi kafin a rufe ƙofa. Na wata uku ne ke zama zargi.

Batun jika 25 ɗin nan kada ki bar shi ya kwana a zuciyar direkta. Ke za ki fara zuwa, ba sai an kira ki ba. Ki ɗauki littafin rasit, ki nemo kwafin wannan rasit, ki ce, "Ranka ya daɗe, ina so mu zauna mu gwada rasit na makon da uban nan ya biya da kuɗin da aka miƙa." In jimlar kwafin rasit ta yi daidai da abin da kika miƙa a makon, to kuɗin ya shiga, rubutun ne kawai ya faɗi. A tsarin da kika bayyana, hanyoyin faɗuwarsa sanannu ne: an ɗauke kuran kafin ki adana, ko ya shiga fayil ɗin wani aji, ko an rubuta wa mai suna irin na yaron. In kuma an sami giɓi na gaske, gara a gano shi ke ce kika nemi a bincika. A zaman nan ne za ki nuna masa sabon jadawalin, ki roƙi ya riƙa sa hannu kullum. Shugaban da ya ga ma'aikaciya tana neman a riƙa duba ta, da wuya ya ci gaba da yi mata kallon tuhuma.

Biltan shi ne inda za ki fi samun sauƙi, amma sai kin yi haƙuri da shi a zangon farko. Ki yi shafin maki ga kowane aji: lamba, suna, sannan kowane darasi da gidansa, a ce daga C zuwa L. Kafin ki fara bugawa, ki shafa gidajen, ki shiga Données, Validation des données, ki zaɓi Décimal tsakanin 0 da 20. Yanzu in yatsa ya zame kika buga 155 a madadin 15,5 na'ura za ta ƙi karɓa. Kofisiyan na darussa ki ajiye su a wani shafi mai suna Kofi, a layi na biyu, bisa jeri ɗaya da darussan. Mwayen ɗin yaro a M2 ita ce:

=SOMMEPROD(C2:L2;Kofi!$C$2:$L$2)/SOMME(Kofi!$C$2:$L$2)

Alamar $ ita ke kafe layin kofisiyan don kada ya zame in lissafin ya sauka ƙasa. Maɓallin F4 ke sa ta. In kin manta da ita, yaro na farko zai fito daidai, sauran duka su fito da shirme. Matsayi kuma RANG ke fitar da shi, misali =RANG(M2;$M$2:$M$61) ga aji mai yara 60. Wani abu da ya kamata ku yanke da direkta tun da wuri: wannan lissafi yana ɗaukar gidan da aka bari fanko a matsayin sifili. Yaron da rashin lafiya ta hana shi jarrabawa zai faɗi ƙasa ba da haƙƙinsa ba, sai an yi masa lissafi dabam. Haka ma makin da aka buga 12.5 da ɗigo a Excel na Faransanci, rubutu ne, in har ya shiga sifili za a ba yaron. Waƙafi ake sawa, 12,5.

Daga nan Word zai yi aikinsa na gaskiya. Ki tsara biltan guda ɗaya tak, da tambarin makaranta da wurin sa hannu. Ki shiga Publipostage, Sélection des destinataires, Utiliser une liste existante, ki nuna masa fayil ɗin Excel da shafin ajin. A inda suna zai zauna ki danna Insérer un champ de fusion ki zaɓi suna, haka kowane maki. Aperçu des résultats zai nuna miki yaro na farko. Terminer et fusionner zai fitar da biltan na aji gaba ɗaya. Ki sa ya fitar da su a sabon fayil tukuna, ki buga guda biyu ki gwada da takardar malami, kafin ki saki sittin. Abu biyu ke ba mutane kunya a nan. Mwayen 12,33 takan fito 12,3333333333, kwanan wata kuma yakan juye irin na Amurka, wata kafin rana. Maganinsu ɗaya: ki ƙara gida a Excel da =TEXTE(M2;"0,00") ga mwayen, da =TEXTE(A2;"jj/mm/aaaa") ga kwanan wata (a madadin A2 ki sa gidan da kwanan yake), ki sa waɗannan a biltan. Takardar kiran iyaye da ta tunatar da bashi duk ta wannan hanya za su fita, kowacce da sunan uba da sauran kuɗinsa.

Tunda mun ambaci bashi: jerin waɗanda ake bi kada ya shiga zauren WhatsApp na iyaye, ko da an ce ki tura. Kowa a aika masa nasa. Mutum yana iya jinkirin biya saboda damina ba ta yi kyau ba, ba daidai ba ne unguwa ta sani ta hannunki.

Sai maganar wuta. Tun da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a Agustan 2023 kowane biro ya san ba a dogara da kuran, kuma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, yankewar ta fi yawa. Abin da ba ya cin ko dala: a Word da Excel ki shiga Fichier, Options, Enregistrement. Za ki ga an sa na'ura ta riƙa ajiye kwafin ceto kowane minti 10, ki mai da shi 2. Sabon fayil kuma ki ba shi suna ki adana tun kafin ki buga kalmar farko. Ctrl da S ya zama miki ɗabi'a bayan kowane rasit.

Abin da makaranta za ta saya, ba ke ba, shi ne ondular, akwatin batir ɗin nan da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Ƙarami mai 650 VA ya isa kwamfutar tebur ɗaya da allonta. Mintoci kaɗan yake bayarwa, na adanawa da kashewa, ba na ci gaba da aiki ba. Kada a jona masa firinta mai garin tawada, don lokacin da take ɗumama kanta tana jan wuta fiye da ƙarfinsa, sai ya yi ƙara ya mutu, kwamfutar ta bi shi. Batirin da ke cikinsa mai 12 V da 7 Ah ne, ana canza shi ba sai an sayi sabon akwati ba. Zafi ne ke cinye shi: duk ƙarin kamar digiri 10 a kan 25 yana rage rabin kwanansa, shi ya sa a garinmu ba ya kai shekarun da aka rubuta a kwali. Ki ajiye shi inda iska ke ratsawa, ki gwada shi sau ɗaya a wata ta hanyar zare shi daga bango bayan kin adana aikinki. In wuta ta dawo kuma, a ba ta ƴan mintoci ta daidaita kafin a kunna kaya.

Tsufan kwamfutar ma yana da magani mai araha. Yawancin nauyin tsofaffin na'urori daga faifan ajiya mai juyawa yake. In mai gyara ya sa SSD, wato faifan ajiya marar juyawa, mai 256 GB, ya kai ƙwaƙwalwar aiki 8 GB, na'urar da take ɗaukar mintoci kafin ta tashi za ta tashi cikin ƙasa da minti ɗaya. Ki tabbata an kwafe fayilolinki kafin ya taɓa ta. Ki ɗaga ta daga ƙasa zuwa kan tebur, a hure mata ƙura da injin hura iska kafin hunturu da bayansa, a riƙe fankar da yatsa lokacin hurawa. Ana rufe ta da zane ne bayan an kashe kawai. In makaranta ta tashi sayen wata, kwamfutar hannu ta fi dacewa da halinmu, don batirinta na jikinta kuma wutar da take ci ba ta kai rabin ta tebur ba. A lura cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, saboda haka a nemi wadda ke ɗaukar Windows 11. In kuma Office ɗin ya fara kukan lasisi, kada a bar wani ya sa na sata, nan ne ƙwayoyin cuta ke shigowa. LibreOffice kyauta ne, ba ya buƙatar intanet, yana buɗe fayilolin Word da Excel, kuma lissafin da muka ba ki duk yana yi.

Fayilolin da kika ce sun ɓace a kile, in ba ki goge shi ba, wataƙila suna nan. Ƙwayar cutar da ta fi yawo a shagunan fotokopi ɓoye fayiloli take yi, ta ajiye gumaka masu ƴar kibiya a madadinsu. Kada ki danna gumakan, dannawar ce ke shigar da ita kwamfutarki. Ki fara sa Microsoft Defender, maganin ƙwayar cuta da ke cikin Windows, ya bincike kile ɗin. Sannan ki duba harafin da aka ba shi, a ce E, ki rubuta cmd a wurin nema na Windows, a baƙin allon da zai fito ki buga:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Ki danna Entrée ki jira. Dosiyoyinki za su bayyana, wani lokaci a cikin wani dosiye marar suna. Ki kwashe su zuwa kwamfuta, sannan ki wanke kile ɗin gaba ɗaya. Daga yanzu kile biyu za ki riƙe. Ɗaya na fita ne, ba ya ɗaukar komai sai kwafin PDF na abin da za a buga, PDF kuma ba ya wargajewa a kwamfutar wani. Ɗayan na ajiya ne, ba ya shiga na'urar kowa, yana kulle a aljihun tebur. Kada ki yi aiki kai tsaye a kan kile, a kwamfuta ake aiki, kile kwafi yake riƙewa.

Kowace Juma'a kafin ki tashi, ki kwafe fayil ɗin zuwa kile na ajiya da suna mai kwanan wata, shekara a gaba, kamar 2025-11-14 Kudi, don su jeru da kansu bisa tsari. Ki tura kwafi na uku zuwa Google Drive, wanda ke ba da 15 GB kyauta. Fayil ɗin yara 420 bai kai nauyin hoto ɗaya na waya ba, don haka ko da intanet ɗin wayarki aka tura ba abin da zai ci. A buɗe asusun da sunan makaranta, ba da naki ba. Tunda fayil ɗin na ɗauke da lambobin iyaye da bashinsu, ki kulle shi ta Fichier, Informations, Protéger le classeur, Chiffrer avec mot de passe. In aka manta kalmar sirrin ba mai iya buɗewa, saboda haka a rubuta ta a sa a ambulan a ba direkta.

Ƙaramin abu da ke cin lokaci ba a sani ba shi ne allon bugawa. A tsarin Faransanci sai an riƙe maɓallin Maj kafin lambobin sama su fito, ga wadda ke buga maki da kuɗi yini guda kuwa wannan wahala ce. Allon bugawa na USB mai rukunin lambobi a dama ya fi komai saurin biyan kuɗinsa. In kin danna A sai Q ya fito, tsarin ne ya juye, maɓallin Windows da na tazara za su mai da shi. Takarda kuma, a hunturu bushewa ke sa ta manne da juna, ki karkaɗa ta kafin ki sa a firinta. Da damina ki bar ta cikin ledarta har sai za a yi amfani da ita.

Na'ura ba za ta hana a riƙa katse ki ba, wannan sai da bakin direkta. Ki roƙi a sa lokacin karɓar kuɗi, a ce daga 8 zuwa 11 na safe, a manna a ƙofa, a sanar da iyaye. A sa wa malamai ranar ƙarshe ta kawo maki, kuma su kawo bisa jerin lambobin da ke kika buga musu, don ki riƙa sauka layi bayan layi ba tare da neman suna ba. Ki kuma nemi a ba ki malami ɗaya ki koya masa shafin Biya, saboda ranar da ba ki da lafiya ko kina da biki.

Maigida kuwa ki gaya masa gaskiya da adadi: akwai mako biyu zuwa uku da aikin zai ƙaru kafin ya ragu, domin sai an shigar da yaran duka. Yaro ɗaya minti ɗaya, yara 420 awa 7 ke nan, in kin raba aji ɗaya kowace rana ba za ki ji shi ba, kuma sunayen da ke cikin Word kwafo su za ki yi, ba sake bugawa ba. Biyan da aka riga aka yi tun Oktoba daga kwafin rasit za ki ɗauko shi, ba daga tsohon lissafin da ya riga ya nuna yana da giɓi ba. Ki ci gaba da tsohon tsarin tare da sabon har mako biyu, sai jimlarsu ta yi ta haɗuwa kullum sannan ki saki tsohon. Kuɗi da ajiyar Juma'a su ne na wannan wata. Biltan ki gwada shi da aji ɗaya a wannan zango, sauran azuzuwan su shigo a zango mai zuwa. Allah ya ba da sa'a, ya kare miki mutuncinki.